Wainar Ista Ranar Juma'a

Kwana huɗu Mama Concetta ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Tun bara ta daina gane mu, yanzu kuma abinci ta juya wa baya. Likita ya ce in Asabar ta yi ba ta ci ba, asibiti za a kai ta a sa mata roba ta hanci. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ranar Alhamis na gasa pastiera, wainar alkama da cuku da ruwan furen lemo, kamar yadda kowane gida a garinmu Napoli yake yi don bikin Ista. Ƙamshin kaɗai ya sa Mama ta ɗago kai. Amma waina ce da ba a yankawa sai Lahadin Ista, kuma Mama ta taɓa fasa min baki a kan haka.

Washegari Juma'a, yayana Raffaele ya ce, "Nunzia, mu ce mata yau Lahadi mana. Wadda ba ta san sunanki ba, ina za ta san Juma'a?"

"Ƙarya ranar da aka gicciye Almasihu? Kai dai ba ka da tsoron Allah."

"Ke mai tsoron Allah, sai ki raka ta asibitin."

Na shimfiɗa farin mayafin tebur. Raffaele ya matse tumbinsa cikin kwat ɗin aurensa, ya tsoma reshen zaitun a ruwa mai tsarki na coci ya yayyafa mana, yadda Baba yake yi ranar Ista. Na yanka wainar na ajiye a gabanta.

"Barka da Ista, Mama."

Ta dubi farantin. Ta ɗauki cokali. Sai ta tsaya, ta karkata kunne wajen taga. Shiru. Mun manta cewa tun daren Alhamis ake ɗaure ƙararrawar coci, ba ta kaɗawa sai Almasihu ya tashi.

Ta ture farantin.

"Ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Yau azumi ne, ba a cin kayan daɗi. Ku ba ni busasshen burodi da man zaitun."

Raffaele ya kusa faɗuwa wajen gudu zuwa kicin. Ta ci yanka biyu, a hankali, ina kallo hawaye na zuba. Da ta gama ta harare ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar gidan waye? Uwarki ba ta koya miki komai ba?"