Injin da Ke Mutuwa Idan Ya Yi Zafi

Daren jiya mafarki ya maida ni wurin aiki, abin da ko albashi bai cika yi ba. Jami'armu ce dai, sai dai Magatakarda zabuwa ce mai tabarau, kuma ruwan sama daga ƙasa yake tashi, ana riƙe lema a ƙarƙashin ƙafa.

Zabuwa ta kira ni ofis.

"Dakta Tanimu, ka san yanzu da tsawo ake ba da muƙami. Ciyawar da ke gaban sashenku ta kawo maka ƙirji. Ranar da ta wuce kanka, ita ce shugabar sashe, ba kai ba."

"Ranki ya daɗe, ciyawa ko digiri ba ta da shi."

"Tana zuwa aiki kullum," in ji ta, ta ci gaba da tsattsagar gero a kan tebur.

Aka ba ni injin yankan ciyawa, irin mai kujera da sitiyari. Na hau da babbar rigata. Murɗa makulli ɗaya ya tashi, ya shiga ciyawa yana aske ta fes. Har na fara ɗaga wa ɗalibai hannu. Da jikinsa ya ɗauki zafi sai ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. Na murɗa, shiru. Sai da ya huce sarai ya sake tashi, a lokacin kuwa inda na yanke ya riga ya tofo, har da fure.

Isiyaku bakanike ya fito daga cikin wata rijiya da sifana a baki. Ya kwance fulogi ya hura, ya cire tiyo ya zuƙi fetur ya kurkure baki.

"Man nan gishiri ya yi masa kaɗan, amma zai sha."

Ya buɗe kafireta. A ciki akwai wasu ƙananan mutane suna cin tuwo, ya ce musu sannunku, ya rufe. Ya murɗa makulli, inji ya tashi.

"Ka gani, Yallaɓai? Hannu ne."

"Isiyaku, hucewa ya yi. Tsaya ya yi zafi ka gani."

"A'a, ni ba na gyaran abin da yake tafiya." Ya koma rijiyarsa.

Sai ga ni a gaban Kwamitin Binciken Mutuwar Inji, ƙarƙashin Farfesa Ɗantsoho, wanda ya koyar da ni tun ina da gashi. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: inji ya mutu, in aika, su zo su gani da idonsu. Ya mutu, na aika. Suka zo, aka buɗe taro da addu'a, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu da waɗanda ake sa ran za su rasu, aka sha shayi. Sannan Farfesa ya sa yatsa biyu ya murɗa makulli. Inji ya tashi yana kiɗa kamar sabo.

"Tanimu, lafiyarka kuwa?"

"Malam, sai ya yi zafi yake mutuwa. Ku zauna tun yanzu ku jira shi."

Membobi suka dubi juna.

"Mu zauna a kan matsalar da ba ta faru ba tukuna? Yaro, mu kwamiti ne, ba 'yan duba ba."

Na ce musu idan ya mutu ina jin tankin mai yana wani zuƙe-zuƙe kamar mai mura, ƙila murfin ne ya toshe, iska ba ta shiga. A bari in sassauta shi. Farfesa ya ce murfi na Sashen Ayyuka ne, Sashen Ayyuka kuma ya tafi hutu da ginin gaba ɗaya. Na waiwaya, haka ne, fili kawai ya rage.

Ciyawa ta kawo min haɓa. Ta fara amsa gaisuwar masinja.

Sai dabara ta zo min. Da injin ya sake mutuwa na tuɓe babbar riga na lulluɓe shi, na ƙara da labulen ofis, na kwanta a kansa kamar kaza a kan ƙwai. Suka yi addu'arsu, suka sha shayinsu, ni ina gasuwa. Farfesa ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Shiru. Ban taɓa jin daɗin lalacewar kayan gwamnati kamar wannan ba.

"Lallai ya mutu," in ji Farfesa. "Amma ba mu cika ba. Dakta Ladi ta fita alwala, sai ta dawo a shaida."

Dakta Ladi a Zariya ta yi alwalar. Kafin ta dawo injin ya yi sanyi kamar randa. Ya tashi tun kafin a taɓa shi.

Zabuwa ta zo da igiyar awo. Na yi ɗage. Ta ce in sauke dugadugai. Na sauke. Ta ce in cire hula. Na cire. Ciyawa ta fi ni da ɗan yatsa.

A take aka rantsar da ita. Na rataya mata makullan ofis. Nan da nan layi ya kafu a gabanta: ɗaliban da sakamakonsu ya ɓace, malamin da ke son a raba masa aji da babu kowa a ciki, wani uba da ya zo da rago da ɗansa bai san wanne zai bari ba. Ciyawa tana ta kaɗa kai hagu da dama, kowa yana tafiya yana cewa an saurare shi.

Ni kuwa na tsaya a gefe da singileti. Ba wanda ya kira sunana. Wani sanyin daɗi ya ratsa ni tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wanda rabona da shi tun kafin a naɗa ni shugaban sashe. Na nemi inuwa a gindin sabuwar shugaba na miƙe ƙafa.

Ƙarar jarka ce ta tashe ni, mai ruwa yana buga ƙofa yana cewa a kawo bokiti. Na daɗe a kwance ina kallon silin. Babu wanda ya ƙwace min komai. Ƙarfe tara ina da taro, kuma ni ne zan buɗe shi.