Ranar da Aka Bar Durdi Ya Yi Kuka

"Miƙo min shi, ya cika mana kunne," in ji Inna Aynabat daga kan shimfiɗarta.

Ogulnur, matar ɗanta, ba ta ɗago daga dardumar da muke saƙawa ba, sai dai ta ƙara matse jaririnta Durdi a cinyarta. Ni maƙwabciyarsu ce, shekara tara ina taya su saƙa, na san abin da tsohuwar ke nufi. Taryak za ta kwance daga bakin gyalenta, baƙin danƙon nan mai bugarwa, ta murza kamar ƙwayar gero ta shafa masa a dasashi. Ya yi ta barci har la'asar, mu kuma aiki ya yi gaba.

Haka aka yi wa wansa. Watansa bakwai ranar da ya yi barcin da bai tashi ba. Aka ce sanyi ne. Duk matan garinmu Akca mun san irin sanyin, muka ja bakinmu muka yi shiru.

"Inna, yunwa yake ji," in ji Ogulnur.

"Yunwar gidanku. Da me na reni mijinki? Ga shi nan ƙato."

"Ƙato kam," na ce, "shi ya sa yake zube a buge a ƙarƙashin gada a birnin Mazar."

Ta harare ni, tari ya sarƙe ta. Shekara sittin tana cin abin nan. Haƙora sun zube, ciki ya ɗaure kwana goma, ta bushe kamar kara. Likita ya ce huhu da hanji sun gama aiki. Amma hannun nan nata, wallahi, ya fi na ɓarawo sauri. Sau biyu Ogulnur na dawowa daga ɗebo ruwa ta tarar da baƙi a leɓen yaron, kansa ya langaɓe. Daga nan ko bayi za ta shiga, da shi take shiga.

Ranar Alhamis da hantsi ina ɗiga wa tsohuwar ruwa a baki, sai ta riƙe min yatsa.

"Gulsoltan, ni ma ban zaɓa ba. Tun ina jaririya aka sa min."

Na ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Kafin shayin da na ɗora ya tafasa ta cika.

Ni na yi mata wanka. Na sami ƙullin taryak ɗaya a gyale, ɗaya cikin kitsonta, duk na watsa su a masai. Allah Ya yafe min, amma da na fito sai na ji kamar an sauke min buhun alkama daga ka.

Durdi ya yi kwana uku yana tsala ihu, yana gumi, yana zawo. Ma'aikaciyar asibiti ta ce abin ne ke fita daga jikinsa, a yi ta ba shi nono, zai wuce.

A zaman makoki wata dattijuwa ta toshe kunne.

"Babu mai ɗan abu ta sa wa yaron nan?"

"Ku bar shi, Iya," in ji Ogulnur. "Kakarsa yake wa kuka."

Jiya na leƙa. Darduma na nan inda muka tsaya, a rabin zanen fure. Durdi na zaune a tsakiyarta, ya cika hannu da jan zare, yana ihu idonsa tar. Uwarsa ta jingina da bango, tana shan shayinta a hankali.