Sunan Jakin Mama Sabasta

A shekara ta biyu ta yaƙin Chaco da muka yi da ƙasar Paraguay, ni nake karanta wa mutanen garinmu Achacachi katunan wasiƙa na 'ya'yansu da aka kama a yaƙin, tunda gurguwar ƙafata ta hana a kai ni fagen daga. Katin kan yi wata huɗu a hanya daga Paraguay. Da Sifaniyanci kawai aka yarda a rubuta, alhali yaranmu harshen Aymara suke ji. Sai wani mai ilimi a sansanin fursunonin ya riƙa rubuta musu, kuma malalaci ne na bugawa a jarida. Kowa jimla ɗaya: uwata abar ƙauna, ina lafiya, ana ba mu abinci.

Mata kan karɓa da hawaye da godiya, ban da Mama Sabasta Callisaya. Sojoji sun taɓa gaya mata ɗanta Fortunato ya mutu da ƙishirwa a daji, ga kuma kati da sunansa. Ta saurara har na gama, ta ce ɗanta bai taɓa ce mata abar ƙauna ba, kuma wannan magana ita ce dai na karanta wa maƙwabciyarta jiya. So take ta sani ko yana raye, ba ta son lallashi.

"Tata," ta ce, wato Baba a harshenmu, "rubuta masa. Ka ce ya faɗa mini sunan jakinmu."

Na rubuta. Tun daga nan, kowace ranar kasuwa sai ta zo ta zauna a bakin ƙofa, ta ajiye mini busasshen dankali a ƙyalle. Wata tara muna haka.

Da amsar ta iso, na duba katin. Sama dai jimlar nan ce ta kullum. A ƙasa akwai layi guda, amma masu tantance wasiƙu sun shafe shi da baƙin tawada. Na tabbata da Aymara yaron ya sa aka rubuta, su kuma duk abin da ba su iya karantawa sirrin soja ne a wurinsu. Na ɗaga katin a rana, na jiƙa yatsa na goga. Babu ko harafi ɗaya.

Tana tsaye tana kallon bakina. Tausayinta ya kama ni, na kuma gaji da zama mai ba da mugun labari. A ƙasarmu rabin jakuna Ch'iyara ake ce musu, wato Baƙi.

"Mama, ya amsa. Ya ce Ch'iyara."

Ta gyara mayafinta a hankali.

"Ba mu taɓa yin jaki ba, Tata. Ni da shi muke ɗaukar kayanmu a baya."

Na rantse mata ƙarya na yi, na nuna mata tawadar, na ce wataƙila abin da ya faɗa ke nan a ƙarƙashinta, cewa ba su da jaki. Na roƙe ta mu sake rubutawa. Ta ce wanda ya ƙirƙiri jaki, ƙirƙirar ɗa ba za ta yi masa wuya ba.

Ta bar katin a kan teburina, ta tsallaka fili zuwa coci, ta tambayi fada ranar da zai yi wa Fortunato addu'ar matattu.