Ƙafafun Fara

A kakar 1976 Haladu ya dawo Gagarawa daga jami'a, da rikoda a kafaɗa da wasu akwatunan raga. Wai bincike yake a kan fara: yadda namiji ke neman mace, da abin da ke sa ta karɓi wannan ta ƙi wancan. Gari ya yi dariya har ya gaji.

Mahaifinsa Ɗantsoho ba dariyar ce ta dame shi ba. Haladu ɗan farinsa ne. Ko sunansa ba ya kamawa, balle ya zaunar da shi ya tambaye shi aikinsa. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Amma Ilu, taubashin Ɗantsoho, wanda ko gonar kirki ba shi da ita sai kamun fara, shi ne kullum tare da Haladu a bakin fadama, suna hira suna ƙyaƙyatawa. Har a masallaci aka fara cewa "Ilu da ɗansa."

"Ɗan nan namu akwai kai," in ji Ilu ran nan. "Ni ya biyo."

Ɗantsoho ya kwana da maganar a ransa. Fara dai? Shi ma ya kama ta tun Ilu na yawo ba wando.

Da aka idar da sallar asuba ya ɗauki buhu ya shiga gonar gero. Sanyin raɓa ya kashe wa farar jiki, ya yi ta tsinta, manya-manya. Kowacce ya kama sai ya ɓalle mata ƙafafun baya, yadda aka saba don kada ta tsere. Hantsi na dubawa ya isa fadama, ya dire buhun ba tare da ya dubi ɗansa ba.

"Ga shi. A ba mai aikin."

Haladu ya durƙusa ya buɗe. Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya ɗauki wata.

Ilu kuwa ya leƙa, ya faɗi zaune don dariya. "Wayyo cikina! Ɗantsoho, ka tara mana zawarawa ka karya musu goge! Da me za su yi zance?"

"Baba," Haladu ya ce a hankali, kansa a ƙasa, "da ƙafar bayan nan namijin ke goga fiffike ya yi kuka. Kukan ne mace ke saurare ta zaɓa. Shi nake ɗauka a rikoda."

Ɗantsoho ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Ya sunkuya zai ɗauki buhunsa, sai Haladu ya dafe bakin buhun.

"Inna ta soya mana wannan. Amma Baba, a ina ka same su? Wata guda muna neman irin wannan mai jan fiffike, biyar kacal muka samu."

Dariyar Ilu ta tsaya.

Ɗantsoho ya miƙe, ya gyara hula, ya dubi Ilu sama da ƙasa.

"Ka faɗa wa yaron nan, gobe bayan asuba ya same ni a ƙofar gida. Shi kaɗai."