Lambar Sirrin Alhaji Maliki

Kwamfutar ta sake tsayawa, ta fito da ɗan akwatin nan mai neman lambar sirri. Nazifi ya ji kamar ya ɗora hannu a ka.

Laftof ɗin ta surukinsa ce, Alhaji Maliki, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Malali. Ya yarda ya ara masa, amma ba za ta fita daga falo ba, lambar sirri kuwa ko Hajiya ba ta sani ba. Shi kuma Nazifi, tun da ya auri Safiyya bai taɓa yarda sun haɗa ido da mutumin nan ba. Gaisuwa a durƙushe daga bakin ƙofa, sai ya zame. Yau ga shi a kan kafet, gwiwarsa na neman taɓa ƙafar Alhaji.

"Baba, a yi haƙuri, ta kuma tambaya."

"Miƙo." Alhaji ya kare madannan da hannun riga, ya danna da yatsa ɗaya. "Wai me kake ɗura mata ne haka?"

"Ruby ne, Baba, yaren da ake rubuta manhaja da shi. Sai ya zauna sannan a ɗora masa Jekyll, shi ne mai haɗa shafin intanet ɗin."

"Aikin ofis ne?"

"Eh, Baba, na ofis ne."

Wane ofis! Tun kafin azumi kamfaninsu ya sallame shi, suka karɓe laftof ɗinsu. Ya ce wa Safiyya laftof ɗin tana wurin gyara. Kullum da safe sai ya sa gogaggun kaya, ya rataya jaka, ya je ya zauna a gindin wata darbejiya da ke gaban wani asibiti har la'asar. Shafin da zai haɗa na neman aiki ne. Wani kamfani a Abuja ya ce mai so ya turo shafin da ya gina da Jekyll kafin gobe. Rubutun na cikin filashi a aljihunsa, kuma abin da yake tsoro a duniya shi ne Alhaji ya karanta.

Ya sa rai in an yi azahar tsohon zai shiga ya kwanta. Ina! Suna dawowa daga masallaci Alhaji ya ga fararen rubutu suna gudu a kan baƙin allo, abin ya burge shi, ya ƙara jawo kujera.

Hajiya ta kawo shinkafa da wake da mai da yaji, ta ajiye ta fita. Ƙamshi ya cika falon.

"Bismilla mana," in ji Alhaji.

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Cikinsa ya yi ƙugi ya ƙaryata shi. Alhaji ya yi kamar bai ji ba.

Jekyll ya ƙi hawa. Jan rubutu ya fito, wai Ruby bai cika ba, akwai sauran kayan haɗi. Aka sake saukewa, datar wayar Nazifi na zuba kamar ruwa a kwando, aka sake miƙa wa Alhaji ya kare da hannun riga. Sai wajen la'asar abin ya zauna. Nazifi ya yi ajiyar zuciya, ya fara rufe laftof ɗin.

"Ya haka? Ba mu ga shafin ba."

"Ai sai an je ofis za a gwada, Baba."

"A'a. A tukunyata aka dafa, a nan za a ɗanɗana." Ya ɗauko tabarau.

Wa ya isa ya yi musu da suruki? Nazifi ya sa filashin, ya rubuta umarnin. Shafin ya buɗe tas, ko tangarɗa babu, abin haushi. Ga hotonsa da kwat, ga manyan baƙaƙe a ƙasa suna shelar mai shafin yana neman aiki, ga watan da ya bar aikinsa na baya. Da Turanci ne, amma Alhaji ya tsufa yana rubuta wasiƙun gwamnati.

Ya karanta har ƙasa, bai tsallake layi ba. Nazifi ya kafa wa kafet ido, yana fatan ƙasa ta tsage.

"Hoton ya yi kyau," in ji Alhaji. Ya cire tabarau, ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. "Lambar sirrin, sunan matarka ne da shekarar haihuwarta. Daga gobe ka riƙa zuwa nan, akwai sola, akwai fanka."

"Baba, ai ofis..."

"Nazifi." Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba shi baya. "Duk ranar da na je asibitin nan awon hawan jini, sai na zagaya ta ƙofar baya don kada ka gan ni ka ji kunya. Ƙafata ta gaji da zagayen nan. Ci abincinka."

Ya fita, ya ja masa ƙofa.