Sawu a Cikin Akwati

Hajiya Gaji ta juya ɗan akwatin a tafin hannunta, ta kai shi hanci. Ƙanshin yana nan, na tsohon katako da sandal. A kan murfin an dasa farin ƙashi da ɓawon kumba ƙanana-ƙanana, an jera su tauraro cikin tauraro. Guda biyu sun ɓalle sun bar gurbi kamar giɓin haƙori.

"Na Umdurman ne," in ji Malam Datti, tsohon da ta zo Gaya takanas don ta gani. Bai daɗe da dawowa daga Sudan ba, can ya ƙare ƙuruciyarsa, har Hausarsa ta ɗan karkace. "Yanzu ba a yin irinsa, Hajiya."

"Na sani." Ta ɗago ta dube shi. "An ce a Madani ka zauna."

"A gonakin auduga, ƙwarai."

"Akwai wani yaro. Dogo ne, baƙi, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ɗan Malam Barau na Gafasa."

"Yaro kamar mai shekara nawa?"

Ta lissafa shekarun a zuci. Yaron ai yanzu ya isa furfura.

"To, sunansa fa?"

Nan gizo ke saƙa. Maiwada ɗanta ne na fari, kuma Gaji irin matan da ne, waɗanda ko da wuƙa a wuya ba sa kama sunan ɗan fari. Lokacin da mijinta ke da rai shi ke faɗar sunan, ita tana gefe tana duban ƙasa. Tun da ya rasu sai ta koma kewaye-kewaye.

Malam Datti ya yi tunani iya tunaninsa, ya girgiza kai. Ya ce mutanenmu a can ba su ƙirguwa, wasu sun yi aure sun zama 'yan gari, wasu kuma sai dai addu'a. Ta yi masa godiya, ta ba shi abin da ya sawwaƙa kuɗin akwatin, ta ƙulle shi a bakin mayafinta. Haka take yi duk inda ta je tambaya. Ba ta taɓa samo labari ba, amma ba ta taɓa dawowa hannu rabbana ba.

A bayan motar 'yan kasuwa, tsakanin buhunan gyaɗa, gyangyaɗi ya riƙa ɗibarta. Karan dawa da aka tattara a gonaki ya riƙa wucewa, sai ta ga ya zama fari fat, auduga iya ganin ido, ga magudanan ruwa a miƙe. A ƙafa suka je Makka ita da mijinta da Maiwada, zamanin da ake tafiya ana noma a hanya. A kan hanyar dawowa ne, ana tsakiyar yaƙin Turawa, da suka iso Madani, Maiwada ya ce su yi gaba, zai tsaya kaka ɗaya ya tara kuɗin raƙumi ya cim musu. Ya rako su bakin gari ya juya. Kunya ta hana ta kiransa, ta hana ta ko kallonsa sosai. Sai da ya yi nisa ta durƙusa kamar mai gyara takalmi, ta kwashi ƙasar sawunsa, na hagun nan mai ɗan ja. Tsofaffi sun ce muddin ƙasar sawun mutum tana hannunka, ƙafarsa za ta biyo ta komai daɗewa.

Ta zuba ƙasar a akwatinta na farko, wanda ta saya don kwalli. Sauran duk daga baya suka zo, ɗaya-ɗaya, daga hannun masu dawowa ta ƙasa. Yanzu ga su jere a kan kantar ɗakinta, inda sauran mata ke jera samira da langa. Wannan na goro, wannan na allura da zare, mai kusurwa shidan nan na turaren wuta, dogon na carbi. In rana ta leƙo ta taga da hantsi, ɓawon kumbar yakan kama haske ya watsa shi a bango, kore da ruwan hoda, ita kuwa ta zauna ta yi ta kallo har kunu ya huce. Mutanen Gafasa suna ce mata Hajiya mai akwatuna, suna zaton son ado ne. Ita ma ta bar su a haka.

Yanzu alhazai a jirgi suke tafiya, su dawo da rediyo da haƙorin Makka. Ba mai bi ta Madani. Malam Datti ma wataƙila shi ne na ƙarshe. Wannan tunanin ya tsaya mata a rai, ta ji tsoro, amma ta lallashi kanta: ƙasar dai tana nan.

Tun daga bakin zaure ta jiwo amon madaɓai da waƙar mata. Sai a lokacin ta tuna yau ake yi mata daɓe. Ɗahiru, ɗanta na biyu da ke aikin malamin gona, shi ya matsa a sabunta mata ƙasan ɗaki kafin sallah. An fitar da gadonta da tabarmi tsakar gida. Akwatunan kuma ga su a inuwar darbejiya, an shimfiɗa musu zane, suna ta sheƙi kamar yau aka sassaƙa su.

Hanne, matar Ɗahiru, ta fito da gudu, hannuwanta jajur da ruwan makuba. Yarinya ce mai tsafta har ta wuce misali, irin waɗanda ba sa iya ganin abu a ajiye su ƙyale shi.

"Sannu da zuwa, Inna. Kin ga 'ya'yanki? Ɗaya bayan ɗaya na bi su da tsumma da ɗan mai. Ashe haka suke da kyau."

"Sannunki da aiki."

Gaji ta durƙusa a hankali. Hannunta ya wuce na goro, ya wuce na carbi, ya sauka kan ƙaramin, mai baƙin murfi. Tun kafin ta buɗe ta ji nauyinsa ba daidai ba. Ta buɗe. Cikinsa tas, har yana ƙanshin mai.

"Abin da ke ciki fa?"

"Au, wannan? Ƙasa ce kawai ta taru, Inna. Har na tsorata, na zaci gara ce ta shiga. Na duba ba ta taɓa shi ba."

"Ina kika zubar?"

"Nan ɗakin na juye, lokacin da muke baza marmara." Murmushin Hanne ya fara dusashewa. "Inna, ko magani ne? Wallahi ban sani ba."

Gaji ta miƙe da akwatin a hannu ta nufi ƙofar ɗakin. Matan da ke ciki a durƙushe suka ga fuskarta, waƙa ta mutu, madaɓai suka tsaya. Ƙasan ɗakin ya jiƙu, ja mai duhu, sumul daga bango zuwa bango. Babu wanda zai iya nuna inda tafin hannu guda na farar ƙasa ya shige.

Fushi ya taso mata, ya rasa inda zai sauka. Wa ta taɓa gaya wa? Shekara talatin da ɗoriya tana rufe da bakinta kamar yadda take rufe da murfin.

"Ƙasar mece ce, Inna?" in ji Hanne.

"Sawun Maiwada ne."

Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Tsofaffin cikin matan suka sunkuyar da kai, don sun san abin da suka ji. Hanne ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo.

"A tone," ta ce. "Bai bushe ba. Wallahi ni kaɗai zan tone shi, in tankaɗe da rariya, in..."

"Ki tankaɗe ƙasa daga cikin ƙasa?"

Gaji ta cire takalmanta ta taka ciki. Sanyin daɓen ya ratsa tafin ƙafarta ya hau har gwiwa. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta lumshe ido. Duk shekarun nan tana jiran ƙafar ta biyo ƙasar, ta taɓa hango shi a zaure, ta taɓa hango shi a tashar mota da ƙunshi a ka, amma ba ta taɓa hango shi a cikin ɗakin nan ba. Yanzu ta san ba zai zo ba, ta kuma san ba inda zai sake zuwa. Ta yi kuka ba sauti, ba ta ɓoye fuska ba.

Da ta buɗe ido, matan suna nan riƙe da madaɓai, suna jiran abin da za ta ce. Ta fito, ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora akwatin a cinya.

"Ku ƙarasa," ta ce. "Amma ku buga a hankali. Ya sha tafiya."