Rabin Ƙwaya

Duk wanda ya san Maman Injiniya ya san ba ta iya ƙarya ba. Ko mai kaya ne ya zo karɓar ɗinki ta ce masa "gobe", sai ta kasa haɗa ido da shi. Amma wata goma sha huɗu cur ta yi tana yi wa Sistar asibiti ƙarya, ido cikin ido, ko gezau.

'Ya'yanta biyu ne, kuma duka biyun sikila gare su. Babban, mai shekara tara, shi ake kira Injiniya, don babu rediyo ko fitilar da za ta shiga gidan ta fita da cikinta a rufe. Ƙaramar kuwa Auta ce, shekararta huɗu, baki kamar reza. In ciwon ya tashi wa ɗaya, uwar kan yi ta gasa masa gaɓoɓi da tawul mai ɗumi tana satar kallon ɗayan, don ta san layi ne.

Ana nan sai asibitin koyarwa ya fara gwajin wani sabon magani. Mai gwajin jini ya zaunar da ita gaban madubin likita, ya ce ta leƙa. Ta ga jajayen ƙwayoyin jinin ɗanta, waɗansu zagaye sumul, waɗansu a lanƙwashe kamar lauje. Ya ce lanƙwasassun nan su ne ke cushewa a jijiya, ana kuma sa ran maganin zai rage su. Sista ta ɗora da bayani dalla-dalla: rabin yaran za su sami maganin gaske, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, ƙari a kan magungunansu na kullum. Ko likita bai san na wa ne na gaske ba, an rufe amsar a ambulan.

Maman Injiniya ta ji, sarai ta ji. Amma da ta ga sati uku sun wuce yaron bai kwanta ba, har yana cinye abincinsa ya leƙa kwanon ƙanwarsa, sai ta yanke wa kanta hukunci cewa nasa na gaske ne.

Matsalar ita ce Auta. Daga shekara shida ake ɗauka. Uwar ta roƙa, ta yi magiya, har cewa ta yi yarinyar ƙanƙantar jiki ce kawai. Sista ta yi dariya ta ce, "Haba Maman Injiniya, katin haihuwarta fa yana hannuna."

To, ina uwar da za ta ba ɗa guda magani ɗayan na tsaye yana kallo? Kullum da safe sai ta ɗora ƙwayar a kan allon keken ɗinki, ta ɗauki rezar da take farke ɗinki da ita, ta raba biyu. Injiniya ne alƙali. Ya ɗaga ɓarin biyu ya duba a hasken taga, ya ce, "Mama, kin cuce ni, nata ya fi girma." Sannan ya miƙa wa Auta babban. Ƙarshen wata ta mayar da kwalba wayam, Sista ta yi ta yabonta a gaban sauran iyaye, wai a yi koyi da ita.

A wata na goma sha huɗu, kwana biyu da karɓo sabuwar kwalba, Injiniya ya tashi da ciwon ƙirji. Aka kwantar da shi, aka ƙara masa jini leda biyu, aka sa masa iskar numfashi. A rana ta huɗu da hantsi ya cika, hannunsa riƙe da ƙaramin sukudireban da ya hana a raba shi da shi.

Mutane suka yi ta ba ta haƙuri, tana amsawa. Abin da ke cin ta kuwa ba ta faɗa wa kowa ba, ko babansu. Ita ta kashe shi. Da cikakkiyar ƙwaya yake sha, da ƙirjin nan bai ci shi ba. Ta daina cin abinci sai don dole, ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Da asibiti suka nemi ragowar maganin, ta ce ya ɓace a hidimar jinya. Yana nan cikin aljihun keken, ƙarƙashin zare, tana ba Auta rabi-rabi. Tunda ta sayi lafiyar yarinyar da ran yayanta, ai ba za ta bari ta tafi a banza ba.

Bayan wata ɗaya da rabi Sista ta kira ta ofis. Ɗan ɗaki ne mai fanka mai ƙara, da firjin ajiye jini a kusurwa. Tun kafin Sista ta buɗe fayil, Maman Injiniya ta fashe da kuka.

"Sista, ki yafe mini. Rabi yake sha. Tun ranar farko nake rabawa da ƙanwarsa. Ni na jawo masa."

Sista ta cire tabarau ta ajiye. Ita ma idonta ya kawo ruwa.

"Abin da na kira ki a kai ke nan. In yaro ya rasu, dole a buɗe ambulan ɗinsa, a tabbatar ba maganin ne ya cutar da shi ba. An buɗe nasa. Maman Injiniya, ɗanki ba ya cikin masu shan na gaske. Garin sitaci ne kawai aka dunƙula."

"Sitaci?"

"Sitaci. Ko goma yake sha a rana, ba zai ƙara masa komai ba, rabin da kika cire kuma bai rage masa komai ba. Wallahi ba ke ba ce. Ciwon ne."

Wani dutse da ya danne mata ƙirji tun ranar rasuwar ya ɗaga. Ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda ta manta yadda ake ja. Ba ta gama saukewa ba sai wani tunanin ya sauko mata.

"To Auta fa? Lafiyar da take samu..."

"Sa'a ce da ikon Allah, da maganinta na kullum. Kada ki yi wasa da shi." Sista ta kama hannunta. "Dole in rubuta abin da kika faɗa mini, don aikin ya tsaya kan gaskiya. In ya tabbata maganin yana aiki, ni da kaina zan rubuta sunan Auta a farkon layi."

"Yaushe?"

"Nan da shekara biyu, in Allah ya yarda."

Shekara biyu! Maman Injiniya ta san tsawon shekara biyu a jikin mai sikila. Ta yi godiya, ta gyara mayafi, ta fito. A hanya ta rasa ko murna za ta yi ko kuka, sai ta yi kukan kawai, a cikin motar haya, ba ta damu da masu kallo ba.

Washegari da safe tana zura zare a allura, Auta ta zo ta tsaya jikin keken da kofin ruwanta.

"Mama, kin manta maganinmu ni da Yaya."

Uwar ta jawo aljihun keken. Saura ƙwaya biyar. Ta ɗauki guda, ta miƙa mata sukutum, don yanzu rabawar ba ta da wani amfani. Yarinyar ta noƙe kafaɗa.

"A'a, ki raba. Ɗayan na Yaya ne."

Ta ɗauki rezar, ta raba. Auta ta ɗaga ɓarin biyu ta duba a hasken taga, ta haɗiye ƙaramin, ta ajiye babban a kan allon keken.